Garmar da Na Ƙera da Ƙarfen Gada

Assalamu alaikum, Malam mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Kafin wani ya gyara zama ya fara yi mini wa'azi, ya bari ya ji ƙarshen zancen. Ina karanta amsoshin da kuke ba mutane, na san rabinku zagi kuke saukewa da sunan shawara. A ɓoye sunana, kuma kada a yanke mini hukunci, akwai mai wannan aikin.

Ni maƙeri ne, gadon gidanmu ke nan, a wani ƙauye kan hanyar Kontagora zuwa Rijau. Rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koya. A bakin ƙauyenmu akwai tsohuwar gada tun ta zamanin Turawa, katako a sama, ƙarafa a gicciye suna tokare da ita a ƙasa. Tun da aka samu 'yancin kai ban ga an buga mata ko ƙusa ɗaya ba. Kowace damina dagacinmu ya aika takarda, kowace damina a ce kuɗin gyara na nan tafe. Yanzu kuma an sake waƙa, wai mu jira a ba mu jiha tamu ta kanmu. Masu wannan magana sukan zo da rani cikin mota mai sheƙi, su leƙa ƙarƙashin gadar, su karɓi kaji da ƙwai, su juya. Abu ɗaya suka taɓa yi mata, suka ɗauki mai gadi, wani tsohon soja ɗan ƙabilar Kambari da muke kira Baba Soja, suka ba shi gwangwanin baƙin mai ya riƙa shafa wa notuna. Gyaran ke nan gaba ɗaya.

Shekara biyu da suka wuce ƙarfe ya yi wuya. Damina ta matso, manoma sun cika mini maƙera suna neman garma, ni kuwa ko guntun sifirin ɗin mota ba ni da shi. Baba Soja Kirista ne, ranar Lahadi da hantsi yana coci. Sai na ɗauki sifana, na hau can tsakiyar gadar ta ƙasa, inda gwiwar tsoho ba ta kai shi, na kwance ƙarfe ɗaya. Na ce wa kaina, gadar da masu ita suka yar, wa zai yi kewar ƙarfe guda? Wallahi ban taɓa dukan ƙarfe mai kyau irinsa ba. Garmar da ta fito daga jikinsa har daga Kaboji aka riƙa zuwa nema. Lahadi bayan Lahadi sai da na kwashe shida. Duk sanda Baba Soja ya gaishe ni sai in ji kunya ta rufe ni, don haka na ɗauki garma ɗaya daga ciki na ba shi kyauta. Ya yi ta sa mini albarka. Kun ji irin wautar da mai laifi yake yi?

Watan jiya wata babbar mota ta taso daga Rijau da lodin dawa. Tana kaiwa tsakiya gadar ta karkace, motar ta kifa cikin rafi. Direban ya rayu, amma an yanke masa ƙafa. Nan da nan masu mota mai sheƙi suka samu man zuwa. Injiniyansu ya ga gurbin ƙarafa shida, ko tambaya bai yi ba ya ce mai gadi ne ya sayar. An kori Baba Soja, ranar Litinin mai zuwa kuma za a tsayar da shi gaban alƙali. Ku zo ku ga mutanen garinmu! Wanda ya ɓalle katakon gadar ya yi ƙyauren ɗakinsa, da wanda ya kwashi duwatsunta ya yi tushen rumbu, su ne a gaba wajen tofa wa tsohon nan yawu. Da garmata suke noma, dukkansu. Abin da ya fi ci mini rai, dagaci ya tara jama'a ya ce tunda hukuma ta ƙi, ni zan ƙera sabbin ƙarafan tokare gadar, har ya kira ni mai kishin gari. Aka tafa mini.

Shekaranjiya ina zaune a maƙera sai ga Baba Soja da garmar nan a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya ɗora yatsa kan wani rabin rami kusa da ƙota, wanda dukan masabata bai gama shafewa ba.

"Maƙeri, wannan rami ni na san shi. Ramin noti ne. Shekara tara ina sa wa 'yan'uwansa mai."

Na ce, "Baba Soja, ai ƙarfe duk kama yake yi."

"Ƙarfe yana kama da ƙarfe. Ni fa, na yi kama da ɓarawo?"

Haushi ya kwashe ni, na ce masa to ya kai wa alƙali mana, me ya tsaya yi a kaina. Ya dube ni ya ce:

"In na kai, za su ce a ɗakina aka samu. Kai ma ka sani."

Ban sani ba sai da ya faɗa. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, da na gane haka daɗi na ji. Kyautar da na yi masa ce ta ɗaure shi, ni kuma ta sake ni. Tsoho yana tsaye a gabana, ni ina jin sanyi a zuciya. Wane irin mutum ne wannan? Ya ajiye garmar a gefen murhun maƙera ya tafi.

Na san abin da za ku ce, je ka faɗi gaskiya. A baki babu wuya. In na faɗa, ni ne gidan yari, ina da iyali tara, dangin direba kuma ba za su bar ni ba. Sunan maƙerar da kakana ya kafa ya mutu. Su kuwa waɗanda suka bar gadar ta ruɓe shekara da shekaru, su samu ɓarawonsu, su rufe takarda, su wanke hannu tas. Ashe ba don sakacinsu ba da na samu abin kwancewa? Wannan ne yake ƙona ni. Amma ba su za a tsayar ranar Litinin ba, Baba Soja za a tsayar, kuma laifinsa ɗaya, ya tafi coci ya bar amanar gadar ga maƙwabtansa.

Garmar tana nan inda ya ajiye ta. Zuga kaɗan da duka biyu, ramin ya ɓace har abada, shi ma ya san haka lokacin da ya bar mini ita. Yau kwana biyu ban hura wuta ba, masu jiran fartanya sun fara tambaya ko ba ni da lafiya. Litinin saura kwana huɗu. Me zan yi?