Zanen Gado Ɗaya, Matsewa Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Ya sake zubo min a wajen aiki. Ina ɗaga kwandon zannuwan gado kawai na ji ɗumi. Kashin ba ya ko sallama. Na je banɗaki na wanke, na canza ƙunzugu, na dawo kan gugata. Oga ya shigo yana jan hanci, ya ce kwatar nan ta sake toshewa. Na ce eh, Oga.

Tun haihuwar yarinyar nan ne, da na yage aka ɗinke ni. Garin nan ban san kowa ba, wa zan tambaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na daina cin komai sai na dawo gida. In babu a ciki me zai fito. Nono ya ragu. Yarinya tana ja, ta saki, ta kalle ni. Babanta ya ce in dinga ci mana. Na ce to. Bai sani ba. Wankina a bayan ƙofa nake shanyawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Asibiti. Wata Sista mai tabarau ta kwantar da ni, ta sa safar hannu. Ta ce akwai nama a ƙasa kamar zariyar wando, haihuwa ce ta sassauta nawa, amma yana koyon aiki in an matsa masa. Ta ce, "Matse, kamar kina riƙe tusa a gaban surukarki." Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na matse. Ta ce, "A'a ƙanwata, nishi kike, waje kike turowa. Sama za ki ja."

Ban san akwai sama a wurin ba.

Na zaci allura za a min ko ƙwaya. Wai kullum zan yi, wata da watanni. Wai kuma in ci abinci.

Talata, 18 ga Maris

Ɗakin ɗaya ne, yaran wan mijina suna shiga suna fita. Ina zan kwanta kamar yadda Sista ta nuna? Na gwada da suka tafi makaranta. Shiru. Kamar ina ƙwanƙwasa gidan da masu shi suka tashi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na koma. Sista ta ce ina yi? Na ce babu wurin kwanciya. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. "Wa ya ce sai a kwance? Laifina ne ban faɗa miki ba." Ta tambayi aikina, na ce guga, a tsaye nake wuni. Ta ce to shi kenan, in na shimfiɗa zane in matse, in na ninke in saki. In na gaji in huta. Ba mai gani.

Na ce to. To ɗin nan dai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ashe ana gani. Gwaggo, tsohuwar da teburinta ke jikin nawa, ta ce, "Ke Baƙuwa, me zanen ya yi miki kike zare masa ido? Yi numfashi kar ki faɗo mana." Kowa ya yi dariya. Da injin wanki ya tashi da ƙara sai ta matso. "Ba da fuska ake yi ba, 'yar nan. Ba da cinya ba kuma." Na kalle ta. Ta ce, "Ke kin ɗauka yaran nawa a kasuwa na sayo su?"

Ta turo min biredi. Ban ci ba. Ta bar shi a gefen tebur har muka tashi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ya zubo. Kaɗan. A bakin ƙofar banɗaki. Amma na ji zuwansa.

Talata, 20 ga Mayu

Gwaggo ta ajiye min shayi da biredi, ta tsaya a kaina da dutsen guga a hannu. Na ci rabi. Na yi ta jiran ya zubo.

Da rana Oga ya shigo yana murna, wai tun da ya zuba maganin nan a kwata wari ya ɗauke, shi ba sai ya kira mai gyara ba. Gwaggo ta ce, "Sannu da ƙoƙari Oga, lallai kwata ta ji magani." Ba ta ko kalle ni ba. Dariya ta ƙwace min, har da tari. Sai na tsaya cak. Na ajiye dutsen, na tafi banɗaki a hankali, na duba.

Babu komai.

Wataƙila dace ne. Ban cire ƙunzugu ba, ba zan cire ba. Yarinya ta sha yau har barci ya ɗauke ta da nonon a baki.

Gwaggo ta ce gobe ni zan kawo biredin. Na saya tun a hanya. Guda biyu.