Wayar Bara'atu

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na kai Bara'atu filin jirgi da safe. Nairobi za ta, kwas, asibitin da take aikin nas a Karmo ne ya zaɓe ta. Duk tashar Jabi babu direban da bai ji ba, har masu sayar da rake. Matata Luba ta ce na cika surutu, wai a ji tsoron baki. To 'yata ce. Ni na san irin tuƙin da na sha kafin ta sa farin kayan nan.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban san ta ina zan fara ba.

Jirginsu ya sauka da azahar. Na wanke mota, na sa sabuwar hula. Mutane suka yi ta fitowa da akwatuna har wurin ya watse, babu ita. Na kira ba a ɗauka ba, na sake kira na ji a kashe. Bayan la'asar wani mai kaki ya fito yana tambayar wa ya zo ɗaukar Bara'atu Labaran. Na ce ni ne.

Suka shigar da ni wani ɗan ofis. Ga ta zaune, jakarta a buɗe, wayarta a kan tebur. Ogansu ba mai ihu ba ne, a hankali yake magana. Ya ce suna farautar masu fitar da 'yan mata ƙasar waje da sunan aikin jinya, kuma tun da ta kunna waya saƙonnin mata ke ta shigowa. Ta buɗe su duba, shi ke nan. Ya ce, "Baba, ka yi wa 'yarka magana."

Na yi. Na ce ki buɗe musu mu tafi gida, me kike ɓoyewa?

Ta ce, "Baba, ba nawa ba ne. Hotunan marasa lafiya ne da muryoyinsu, matan da ke jin kunyar zuwa asibiti su kan turo mini. Na nuna takardun kwas, na ba su lambar shugabarmu. Su kawo izinin kotu da likita mace, a gabanta zan buɗe."

A gaban maza masu kaki! Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Tawa ce ta yi.

Sun riƙe wayar, sun sallame mu dab da magariba. Na tuƙo mu gida Mararaba raina a ɓace.

Litinin, 14 ga Oktoba

Duk shekarun da na yi ina jan motar gwamnati ban taɓa ce wa mai kaki a'a ba, kuma ban taɓa kwana a hannunsu ba. Da haka na raini Bara'atu. Yau ta kawo mini tsarabar shayi daga can, na ce ta ajiye. Luba ta ce ni da 'yar tawa duk kanmu ɗaya.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na gaya wa Obadiah, abokina mai yankan tikiti a tasha. Ya yi aikin kaki kafin ya yi ritaya. Ya ce yarinyar ta yi kuskure. Wai a zamaninsu, cikin wayar wata mata mai kama da mutanen kirki suka samu hotunan yaran da za ta tsallaka da su, har da 'yar ƙauyensu. "Da mun tsaya jiran kotu, Labaran, da yanzu iyayensu na kuka."

Gaskiyarsa. Amma da ya ce yaran yanzu boko ya kumbura musu kai, sai na ji raina ya ɓaci. Na ce Bara'atu ba ta da girman kai, taurin kai ne, shi kuma a gida ta same shi. Ya yi ta dariya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bayan masallaci na je cin abinci wurin Serah, mai tuwo a bakin tasha. Daga Karmo take zuwa kullum. Ta zuba mini, ba ta tafi ba, ta tsaya tana goge teburin da babu komai a kai. Da mutane suka ragu ta sunkuyo.

"Baba, an ce sun kama wayan Nas. Ya buɗe musu?"

Na ce ba ta buɗe ba.

"Ko kaɗan?"

Na ce ko kaɗan, ina wurin.

Sai ta zauna a benci, ta rufe fuska da zane. Ta ce in mijinta ya ji, ko mutanen cocinsu... ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba. Matar da nake gaisawa da ita kullum, mai dariya har a ji ta daga get.

Na kasa cin tuwon. A da ina jin "marasa lafiya" kamar wasu mutane ne can nesa.

Talata, 22 ga Oktoba

Asibiti sun ce Bara'atu ta zauna a gida har a gama magana, ba sa son rigima da hukuma. Na ji ta tana kuka a kicin, a hankali don kar mu ji. Luba ta ce mata ta je ta buɗe kawai ta ceci aikinta. Ta ce a'a. Ƙawarta Perpetual, lauya ce, ta zo da yamma ta ce ta rubuta wa masu kakin filin jirgi, an ba su ranar Alhamis.

Na ce ni zan kai su. Bara'atu ta ɗago ta dube ni. Na ce mota ce kawai, kar ta ɗauka wani abu.

Na sha shayin nan yau. Ba laifi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Mun je. Niyyata in jira a mota, ban san yadda aka yi na bi su ciki ba.

Ogan nan ne dai. Perpetual ta yi ta turanci, shi ma yana mayar mata. Ya ce sun kira asibiti da masu kwas, sun tabbatar da labarinta, amma da ta buɗe tun ranar da duk ba a kai nan ba. Sai ya juyo gare ni da Hausa, ya ce ni babba ne, na san ƙasar nan, in faɗa mata gobe kar ta sake.

Na miƙe. Hulata a hannu, don na saba. Na ce ranka ya daɗe, aikinku mai kyau ne, Allah ya ba ku sa'a a kan azzalumai. Amma akwai matar da ke ba ni abinci, ban san ciwonta ba, kai ma ba ka sani ba, kuma ta kwana lafiya ne saboda yarinyar nan ta ce a'a. Na ce ba zan faɗa mata kar ta sake ba.

Zufa har cikin takalmina.

Ogan ya jawo durowa ya fito da wayar cikin leda, ya tura wa Bara'atu. Ya ce, "Madam, ki raba wayar aiki da taki. Ba kowa ne zai yi haƙurina ba." Ta ce ta gode, shawara ce mai kyau. Ko sun gwada buɗewa a bayanmu, Allah kaɗai ya sani. Perpetual ta ce da alama ba su samu shiga ba.

A mota Bara'atu ta kunna, saƙonni suka yi ta zubowa. Tun kafin mu fita get ta fara amsawa: "Ki ci gaba da shan maganin, ina nan." Na rage rediyo. Ta ce, "Baba, na gode." Na ce ta sa bel.

Litinin, 28 ga Oktoba

Ta koma aiki yau.

Wata fasinja ta manta waya a motata, babu kulle. Kure kwandasta ya ɗauka zai shiga ciki, wai neman lambar 'yan'uwanta, na ga yatsansa ya nufi hotuna. Na karɓe na kife ta a kan dashbod, na ce mai ita za ta kira. Ya ce ai haka muke yi kullum, Baba Labaran. Na ce yau ba a yi.

Obadiah na jinmu. Ya ce wato ka koma ɓangaren 'yarka ke nan. Na ce ban koma ko'ina ba.

Matar ta kira da la'asar.