Inna, Sun Ce Don In Huta Ne

Zuwa ga Innata da ke kwance a Mai Wurno,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci.

Inna, kin bar ni ina koyar da lissafi a babban aji, a wata makarantar 'yan mata a Sinnar. Da na haifi Hafsatu na koma aiki, mudir, shugaban makarantar, ya tarbe ni da fara'ar da ban san shi da ita ba. Ya ce ya sauke mini babban aji don in huta, ya ba ni ƙanana. Albashi ma ya bi ajin ya sauka. Gurbina kuwa, ɗan 'yar'uwarsa ya ba.

A watan da na koma aikin ne kuma aka ƙara wa mijina Usman matsayi a wurin injin ban-ruwa, wai ya zama mai iyali. 'Ya ɗaya ce fa, Inna. Shi ta ɗaga shi, ni ta sauke ni.

Na tuna ki kina tsinkar auduga a gonar wani, ƙanena a bayanki. Mai gonar ya ce ki zauna a inuwa, kika ƙi. A hanyar gida kika ce mini, "Inuwar mai gona, da ita yake sallamar mutum." A lokacin na ɗauka taurin kai ne.

Yanzu ina da wani cikin. Na naɗe shi a mayafi, ban faɗa wa kowa ba sai Su'ad, abokiyar aikina da muke shiga mota ɗaya. Sai ga mudir ya aiko mini kujera mai katifa har aji. Jiya Su'ad ta miƙo mini lemun tsami, idonta a ƙasa. Ita ta faɗa? Ko tafiyata ce ta tona ni? Ga shi za a tura malama ɗaya ƙaro ilimi, da ma ni aka yi wa alkawari, yanzu an daina zancen in na shigo.

Gobe zan faɗa wa mudir zancen cikin da bakina, a gaban malamai duka, in tambaye shi alkawarin. Tsoro nake ji, Inna. Ke kaɗai na gaya wa wannan niyyar.

Allah Ya jiƙan ki. In na zalunci Su'ad da zato, Ya yafe mini. In ban zalunce ta ba, Ya ba ni ƙarfin gaishe ta da safe.

'Yarki mai kewarki,
Rabi