Garkuwa Mai Kunne

Troyan, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Stoil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Kada ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna. Na daina yarda da kwamfuta.

Ka san kwamfutar mijina, marigayi Dobri. Duk waƙoƙin da ya rera a ƙarshen rayuwarsa suna cikinta, shi da sarewarsa, har da tarinsa da yadda yake min tsawa in rage ƙarar tukwane. Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan. Ranar sadakar arba'in, muna tsaka da rabon dafaffiyar alkama, ɗana Lyubomir ya zame ya shige ɗaki, wai zai saka min manhajar tsaro don kada ɓarayin intanet su shigo. Tun daga ranar wata 'yar koriyar garkuwa ta kafe a kusurwar allo tana kallona.

To, saurara. Kullum da safe nakan kunna waƙar Dobri, in ya gama sai in danna maɓallin ɗaukar murya in ba shi labarin gida. Ka yi dariya in ka ga dama. Makon jiya na zame a lambu na gurɗe gwiwa, ban gaya wa kowa ba sai Dobri. Ba a jima ba sai ga maganin shafawa daga Sofiya, daga hannun Lyubomir! Ruwa ba ya tsami banza, Stoil.

Jiya kuma wani mutum mai ladabi ya bugo waya, ya ce daga kamfanin tsaro yake. Ya yi min ta'aziyya, ya san sunan Dobri har da na ubansa, ya san ranar arba'in. Ya ce koriyar garkuwar nan 'yar leƙen asiri ce, tasu ce ta gaskiya. Wacce zan ɗauka?

Ka gaida matarka.
Yayarka, Nevena

Plovdiv, 8 ga Nuwamba

Yaya Nevena,

Gaisuwa da ban girma. Na karanta wasiƙarki na yi dariya, daga baya kuma hankalina ya tashi.

Haba Yaya! Takardar rasuwar Dobri fa ke da kanki kika liƙa ta a ƙofar gida, da jikin bishiyar coci, da tashar mota, yadda kowa ke yi. Hotonsa na nan, sunansa uku na nan, ranar arba'in na nan, a ƙasa kuma an rubuta "daga matarsa mai makoki". Makaho ma in ya shafa zai karanta. Mutanen nan bango suke bi suna farautar matan da aka mutu aka bari. In ya sake bugowa ki kife wayar.

Maganar gwiwa kuwa, ai maƙwabciyarki Ginka ce. Matar da ta san yawan kajin kowa a layinku, ɗingishinki ne zai wuce ta? Ita ta kai wa yaron labari.

Na san inda aka haihu a ragaya. Mu da muka tashi a zamanin da sai an rufe taga ake barkwanci a kan gwamnati, har mu mutu bango kunne gare shi. Amma wanda maciji ya sara bai kamata ya guji ɗan cikinsa ba. Ki bar garkuwar Lyubomir inda take.

Allah ya ƙara lafiya.
Ƙanenki, Stoil

Troyan, 14 ga Nuwamba

Stoil,

Gaisuwa a taƙaice.

Na je wajen Ginka da kaina. Duk makon da na faɗi tana Lovech wajen 'yarta mai jego, ba ta ma san na ji ciwo ba. To wa ya gaya wa Lyubomir? Kajin?

Da na dawo gida raina a ɓace, sai ga wayar mutumin nan. Na bi abin da ya ce, danna nan, rubuta can. Koriyar ta tafi, ja ta zo. Sai na ga kibiyar allo tana yawo da kanta, ni kuwa hannuna na kan cinya. Na ce, "Malam, wa ke motsa ta?" Ya ce, "Gyara nake, Mama, ki je ki sha shayi." Na kuwa je, don wauta.

Yanzu komai a kulle yake. In na danna waƙar Dobri sai wani baƙin rubutu ya fito yana neman fansa. Na gudu ban tsira ba. Gidan nan ya yi shiru kamar ranar da aka fita da gawar Dobri, Stoil, kuma wannan karon ni na buɗe ƙofa.

Maganarka ta fito a kan ɓarawon, ka ji daɗi. Amma a kan ɗana ban janye ba. Kada ka kuskura ka gaya masa.

Nevena

Sofiya, 18 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kawu Stoil ya gaya min, kada ki yi fushi da shi. Na bugo ba ki ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Ki kwantar da hankalinki, muryar Baba ba ta ɓata ba. Manhajar da na saka miki ba tsare ƙofa kawai take yi ba, tana kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar ta ajiye a wajena, saboda irin wannan ranar. Waƙoƙin suna nan cif, babu wadda ta yi ciwon kai. Kada ki ba mutanen nan komai.

Sauran maganar ita ce mai nauyi. Ba waƙoƙin kaɗai take kwafewa ba, har da hirarki da Baba. Da farko na buɗe ne don in ga ko abin yana aiki. Daga nan na kasa dainawa, kullum a hanyar aiki nake saurare. A nan na ji gwiwar. A nan kuma na ji kina ce masa Lyubomir ba don ke yake zuwa ba, gidan yake aunawa da ido. Wallahi ba haka ba ne, kuma ya yi min zafi.

Mama, in na kira ki, "lafiya lau" kike cewa ki ajiye. Ban taɓa sanin kina da barkwanci ba sai da na ji kina yi wa Baba. Ba hujja ba ce, na sani.

Zan zo ranar Asabar in wanke kwamfutar in mayar da komai. In kin ce a cire kwafin zan cire, sai dai in aka sake kulle ta, babu mai dawo da shi.

Ɗanki,
Lyubomir

Troyan, 21 ga Nuwamba

Lyubomir,

Na gode da gaisuwa. Ka kawo min ubanka ranar Asabar, Allah ya yi maka albarka da ka tsare shi. Waƙoƙinsa ka ci gaba da ajiyewa, naka ne kai ma.

Hirarrakina da shi kuwa ka goge su a gabana. Sabuwar garkuwa ni zan zaɓa, a shagon da ba a san ni ba, kuma sai mai shagon ya rantse min ba ta da kunne.

Yau da safe na zauna zan gaya wa Dobri abin da ka yi. Kwamfutar a kashe take, ƙofa a rufe, ni kaɗai. Na buɗe baki, sai na ji ina zaɓen kalmomi kamar mai baƙo. Na tashi na koma kan tukwanena.

Ka zo da wuri, ka ci abinci ka koma.

Uwarka,
Nevena