Sarƙar Goshin Jirgi

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
Kwana hamsin da biyu da rasuwar Baban Husna. Gulbi ya cika. Daga ɗaki nake jin ƙuginsa.

Laraba, 7 ga Agusta
Mannir ƙaninsa ya zo. Wai Juma'a ta sama zai fara ɗaukar mutane a jirgin ruwan yayansa. Mutanen ƙetare sun matsa masa, ba mai son zagayowa Bungudu ta hanyar mota yanzu.

Jirgin nan ba a gama shi ba. Baban Husna ya kafa sanda a tsakiya, ya ɗinke buhunan taki don iska ta riƙa turawa, ya ƙara wata sanda da ta miƙe gaba daga goshin jirgin. Igiyar da ta taso daga sandar tsakiya tana jan ta sama. Dole a sami abin da zai ja ta ƙasa, zuwa zoben ƙarfe dab da ruwa. In babu, iska ta ɓalle ta, ta tsakiya ta faɗo kan mutane. Da karan dawa ya nuna mini a tsakar gida, ina tankaɗe ina yi masa dariya.

Sarƙar da za ta yi aikin ya je karɓowa wurin maƙeri a Tsafe, ranar da 'yan bindiga suka tare hanya. A jakarsa na same ta bayan an kawo gawarsa daga Gusau. Tana ƙarƙashin katifata. Ba wanda ya sani.

Asabar, 10 ga Agusta
Na tambayi Mannir da me ya ɗaure ƙasan. Ya ce, “Igiyar rama, sabuwa fil. Yaya, yaushe aka naɗa ki sarkin ruwa?”

Baban Husna ya sha cewa rama in ta jiƙa ta bushe sai ta saki, kuma itacen da ruwa ke kwasowa yana cin ta. Amma ban ɗaga katifa ba. Sarƙar ce abu na ƙarshe da ya riƙe.

Talata, 13 ga Agusta
Iska ta ɗage kwano biyu a ɗakin girki.

Laraba, 14 ga Agusta
Husna ta bugo waya daga ƙetare. Jibi za ta zo duba ni, da goyonta. “Inna, jirgin Baba ne, ni zan fara shiga.” Na ce ta bari ruwa ya ja. Dariya ta yi. Dariyarsa sak.

Na kasa cin tuwo.

Alhamis, 15 ga Agusta
Ina takaba, ba halin in je bakin gulbi. Na aika aka kira Mannir. Na karya kara uku, na haɗa da zare kamar yadda aka nuna mini. Na ja zaren sama, karan goshi ya ɓalle. Bai yi dariya ba.

Na shiga na ɗauko sarƙar. Ya daɗe yana kallo. “Yaya, tun yaushe?” Na ce ya fara ɗaure ƙasa kafin sama, ya ja har in ya buga ta yi ƙara. Da hannu biyu ya karɓa. Ni ce ban saki da wuri ba.

Juma'a, 16 ga Agusta
Hadari ya taso da hantsi, baƙi ƙirin. Na tsaya a zaure, ban wuce dokin ƙofa ba. Addu'a ma ta gagara, sunan Husna kawai nake maimaitawa.

Sun shigo kafin azahar, zaninta sharkaf, yaron na barci. Ta ce a tsakiyar ruwa sandar ta yi ƙara sau ɗaya, kowa ya yi salati. Sarƙar ta riƙe.

Gulbi bai daina hawa ba.

Lahadi, 18 ga Agusta
Na ɗaga katifa, tsatsa ta bar zanen sarƙar a tabarma. Na wanke, na shanya.

Husna ta ce ɗinkin buhunan ya fara warwarewa a gefe. Na ce Mannir ya kawo. Basilla ce da zare kawai, ba wani abu ba.