Na Roƙi Laftop, An Kawo Mini Filin Ƙwallo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ke ƙera na'urar wasan nan ta riƙewa a hannu, wadda aka ce tana rikiɗewa ta zama kwamfuta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya jama'a? Allah ya taimaka. Ban san sunanka ba, ban ma san ƙasar da kake zaune ba, amma kayanka ya yi watanni yana kwana a ɗakina, don haka ina ganin mun isa mu gaisa.

Ni malamar firamare ce a Gazara, cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi ta jihar Kaduna. Bayan na haifi 'ya'ya huɗu na koma karatu, ina shiga Zariya duk ƙarshen mako don neman takardar shaidar malanta. Jarrabawa duk na ci. Abin da ya rage mini shi ne firojet, wato littafin binciken da ɗalibi ke rubutawa kafin a yaye shi. Wanda bai miƙa nasa ba har aka rufe karɓa, sai baɗi. Wannan littafin ne ya kawo ni gabanka.

Da maigidana, Baban Sadiya, ya sayar da rakensa na bana, na roƙe shi ya sayo mini laftop, ko da 'yar gwanjo ce, in dai tana rubutu. Mutumin kirki ne, bai yi musu ba. Ya tafi Kano, ya dawo yana fara'a, da ɗan kwali a hammata. Ashe mai shagon ya nuna masa na'urarku, ya ce aiki biyu take yi: a danna nan ta zama kwamfutar Malama, da fuskar aikin nan da kuke kira destof, a danna can ta zama wasan ƙwallo da tseren mota na maigida. Ya ƙara masa da cewa ta ma fi laftop ƙarfi. Wane magidanci ne zai ji wannan bayani ya fito daga shagon hannu rabbana?

Kafin in gama buɗe kwalin, labari ya zaga gida. Surukata Inna ta rangaɗa guɗa, ta yi ta sa wa ɗanta albarka don ya saya wa matarsa kwamfuta. Matan maƙwabta suka shigo gani, kowa na taɓawa da ɗan yatsa. A wajenmu mace ba ta kushe kyautar miji, balle wadda uwarsa ta riga ta shafa wa fatiha. Na durƙusa na yi godiya. Har yau ban buɗe baki na ce masa komai ba, kuma ba zan ce ba. Shi ya sa na juyo kanka, ranka ya daɗe, tunda kai babu surukuta tsakaninmu.

Na farko, girman fuskarta. A ɓangaren wasa komai ɓaro-ɓaro yake, har gumin ɗan ƙwallo ana gani. Da an shiga ɓangaren kwamfuta sai haruffa su koma kamar ƙwayar gero. Ni da nake hango yaron da ke cin gyaɗa a bencin ƙarshe, yanzu sai na kanne ido kafin in karanta abin da na rubuta da kaina. Idan kuma na kira kibod ɗin da ke fitowa a kan sikirin, sai ya zauna a kan rabin shafin, in yi ta rubutu da manyan yatsu biyu ban ga inda nake zuwa ba. Ina so in san ko a ofishinka akwai wanda ya taɓa rubuta ko da shafi guda a haka.

Na biyu, kafa ɗaya tal kuka yi mata. Na aro kibod na gaske wajen wata abokiyar aikina, na soka, na ji daɗi. Can batir ya fara kuka, na nemi inda zan soka caja, babu. Ko rubutu ko caji, sai dai in zaɓi ɗaya. Da na yi tambaya aka ce ai sai an sayi wani ɗan akwati mai kafofi da yawa, sannan a nemi babban sikirin, sannan maus, sannan a samu tebur a jera su, sannan a jira wuta. Mu kuwa nan wutar lantarki baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Batirin naku ba ya kai ni daga azahar zuwa la'asar. Dole a kai ta wajen mai caji, kuma Baban Sadiya, Allah ya saka masa, bai taɓa barin kowa ya ɗauki wannan wahalar ba. Shi ke kai ta, shi ke ɗauko ta. Sai dai hanyar dawowa ta bi ta gindin mangwaron da abokansa ke zama, don haka rabin cajin a can yake tsayawa.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Wata Juma'a na taso daga makaranta da wuri, na zauna a kan babi na huɗu, babin da ya fi kowanne wuya. Ranar an yi sa'a an kawo wuta, kaina kuma ya buɗe, rubutu na ta zuba. Da yamma ta yi na ajiye ta a kan tabarma na tashi in tuƙa tuwo. Baban Sadiya ya shigo daga gona, ya ga abu a ajiye ba kowa, ya ɗauka ya danna maɓallin komawa wasa. Da na dawo na tarar da shi yana shan kwana da jar mota, yana karkata jiki kamar a cikinta yake. Aikin wunin nan kaf ya tafi. Ya dube ni ya tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, na koma madafi na yi kukana na ɗora wa hayaƙi. Za ka ce me ya hana ni adanawa tun da wuri. Na ji, amma ka je ka dubi girman wurin da ake dannawa a adana, ka gwada shi da yatsar macen da ke wanke-wanke. Ko 'yar wayata mai maɓalli sai ta tambaye ni ko na tabbata kafin ta goge saƙo. Taku na'urar ta rufe babi guda ba ta tambayi kowa ba.

Ba zan zalunce ku ba. A wajen wasa kun iya aiki. Dattawan unguwarmu da ke faɗa da samari kan kallon ƙwallo, yanzu su ke leƙe ta kafaɗar Baban Sadiya suna ba shi shawarar inda zai buga. Ni ma na taɓa gwadawa, kuma motar tana gudu. Na kuma yarda ɓangaren kwamfutar zai yi wa wani amfani, mutumin da ke da tebur da wuta da wata kwamfutar ta daban, yana son ya ɗan yi ƙwaƙule-ƙwaƙule don nishaɗi. Amma a garin da gida ke shekaru kafin ya sayi na'ura ɗaya, babban aikin destof ɗin nan a bakin mai shago yake, shi ne hujjar da ake ba maigida ya sayi abin wasa da zuciya ɗaya. Ku da kanku kun nuna wanda kuka fi so. Da an kunna ta wasa ke fara yi wa mutum maraba, shi kuwa aiki sai an bi lungu-lungu kafin a same shi.

Ga roƙona. Ku rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe cewa wannan abin wasa ne, ba ya maye gurbin laftop, ku kuma ja kunnen masu sayarwa. Idan kun nace sai kun bar ɓangaren kwamfutar, to ku yi shi da gaske: ku ƙara kafa, ku ƙara girman haruffa, kuma kada ta sake komawa wasa sai ta tsaya ta tambaya ko akwai aikin wani a buɗe. In ba za ku iya ba, ku cire shi gaba ɗaya. Da babu shi, da mai shagon bai sami abin faɗa ba, da yanzu ina da tsohuwar laftop ɗita mai nauyi wadda ba mai sha'awar kai ta gindin mangwaro.

Yanzu dai na koma biro da takarda, ina sake rubuta babin daga abin da na iya tunawa, kuma ranar rufe karɓa ta matso. 'Yan ajinmu sun fitar da ankon bikin yaye ɗalibai, kowa ta kai nata wajen tela, kullum sai sun turo hoton ɗinki. Nawa yadin yana cikin akwati a ninke. Ban kai ba, don ban sani ba ko bana zan sa shi.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka da kasuwa, ya ba ka lafiya da tsawon kwana, ya ba ma'aikatanka basirar gyara. Idan kana da 'ya mai karatu, Allah ya tsare mata aikinta, kada ta taɓa ajiye shi a kan na'urarka ta tashi duba tukunya.

Wassalam.

Taka mai girmamawa,
Maman Sadiya,
Gazara, Maƙarfi.