Sashe na Bakwai

Litinin, 9 ga Yuni
Gwamnatin jiha ta amince. Daga yanzu, mai ciwon da ba ya warkewa ba zai ƙare kwanakinsa a barandar asibiti ba. Masu jinya za su same shi a gida da maganin kashe zafi. Shekara uku muna rubuta tsarin. Sassa huɗu nawa ne, kalma bayan kalma. Ban nuna wa kowa a ofis ba, amma na ji daɗi.

Asabar, 14 ga Yuni
Koyilandy, garinmu. Mama ta ƙara ramewa, ruwan shinkafa kaɗai ke shiga cikinta. Ciwon daji ne. Likita ya ce wata uku. Ni da Yaya Vilasini mun tsaya a kan mu ce mata gyambon ciki ne. A gidanmu ba a faɗa wa tsoho sunan irin wannan ciwo. Haka aka yi wa Baba.

Talata, 17 ga Yuni
Motar jinya ta zo. Sista Subaida ce, wadda Mama ta koyar a firamare. Na ja ta gindin kwakwa, na roƙe ta ta rufa mana asiri.
"Yallaɓai, ba zan fara faɗa ba. Amma in Malama ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Sashe na bakwai ya hana. Wani babban mai biro ne a hedikwata ya rubuto mana, ku je ku yi da shi."
Ban ce mata ni ne ba.

Alhamis, 19 ga Yuni
Maganin ya yi aiki. Mama ta zauna da kanta, ta sa aka shafa mata mai a gashi, ta ce in karanta mata abin da ya hana ni zuwa gida shekara uku. Na karanta mata tsarin a tsaye. Na tsallake sashe guda.
"Tsaya. Daga shida sai takwas? Shekara talatin ina koyar da lissafi, ɗan cikina ya kasa ƙirga goma?"
Na ce batun motoci ne. Ta ce, "To."

Juma'a, 20 ga Yuni
Yaya ta ce in na karanta wa Mama sashe na bakwai, babu ni babu ita.

Lahadi, 22 ga Yuni
Da hantsi na karanta wa Mama: "Mara lafiya yana da haƙƙin sanin ciwonsa idan ya nema, kuma danginsa ba za su yanke wannan a madadinsa ba."
Ta sa na maimaita.
"Jimlar ta zauna. Wa ya rubuta?"
"Ni ne, Mama."
"Madalla. To, Sudhakaran, na nema."
Na faɗa mata sunan ciwon. Ta tambayi wata nawa suka rage, na faɗa. Sannan ta ce a kira Yaya daga kicin, tana da magana da mu.
Na sanar da ofis cewa ba zan koma wannan makon ba. Dalilin da na rubuta: ruwan sama.